Ka San Haƙƙinka: Igiyar Gida Ita Ce Takarda



An kai hatsi rumbu. An sayar da wake da gyaɗa da aya. Mai bisashe ya kai raguna kasuwa, ƴan ci-rani kuma sun turo abin da suka samu. Lokacin nan ne mutane da yawa suke tunanin sayen gida ko fili. Wani yana son wurin da ɗiyansa za su zauna su yi lakwal a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Wani kuwa dole ce ta sa shi sayar da nasa.

Cinikin akuya a kasuwa ake gama shi. Ka duba haƙora, ka taya, a sallama maka, ka ja igiya ka tafi. Gida kuwa ba a jan shi. Yana nan inda aka gina shi. Igiyar gida ita ce takarda. Wanda ya biya kuɗi bai riƙe takarda ba, ya sayi akuya ne ya bar igiyar a hannun mai ita.

A wannan wata mun tattara tambayoyin da aka fi yi a kan sayen gida, sayar da shi, da jinginar da shi. Ga amsoshinsu.

Wa ke da ikon sayar da gida?

Mai gida kaɗai, ko wanda ya wakilta a rubuce. Zama cikin gida ba ya mai da mutum mai gida. Wani aro aka ba shi, wani haya yake yi, wani gadi aka bar masa. A doka, wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, cinikin ɓatacce ne. Mai gidan gaskiya zai karɓi abinsa, kai kuma ka shiga neman wanda ya ci kuɗinka.

Saboda haka ka ce mai sayarwa ya nuna maka katinsa na ɗan ƙasa. Ka gwada sunan da ke kan kati da sunan da ke kan takardar gida. In sun bambanta, ka dakata. In ya ce mai gidan yana Libiya ko Abijan, shi wakili ne, ya kawo takardar wakilci mai hatimin hukuma. Magana a waya ba ta isa ba.

Gidan mace nata ne. Mijinta ko wanta ba ya da ikon sayar da shi sai da yardarta da sa hannunta. Dillali ma ba mai gida ba ne. Aikinsa ya haɗa ku. Ku yanke la'adarsa tun farko, amma kuɗin gida a hannun mai gida ake sa su.

Gidan gado fa?

Nan ne rigima ta fi yawa. In mutum ya rasu, ana fara biyan bashinsa, a fitar da wasiyya in ya bari. Abin da ya rage na magada ne duka, maza da mata, manya da yara, na gida da na tafiya. Babban wa ba ya da ikon sayar da gidan shi kaɗai.

Ga misali. A ce mutum ya rasu ya bar mata 1, ɗiya maza 2, ɗiya mata 3. Iyayensa sun riga shi, ba bashi, ba wasiyya. An sayar da gidansa jika 4.000. A rabon Musulunci matar tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8, jika 500 ke nan. Kowane namiji jika 1.000, kowace mace jika 500. Mutum 6 ke da haƙƙi cikin gidan nan. In ɗaya bai yarda ba, ko ba a sanar da shi ba, yana iya tayar da maganar ko bayan ka gina soro.

Hanyar da ta dace ita ce dangi su yi taro, su zaɓi wakili, a kai takardar taron gidan shari'a alƙali ya tabbatar da ita. Kai mai saye ka nemi ganin wannan takarda da sunayen magada duka. In akwai maraya ƙarami cikinsu, a nemi izinin alƙali kafin a taɓa rabonsa.

Akwai kuma shufu'a. A mazhabar Malikiyya, in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna iya mayar wa baren kuɗinsa su karɓi kason. To, kafin ka sayi rabon wani magaji, ka ji daga bakin ƴan'uwansa cewa ba su so, a kuma rubuta.

Wace takarda ce takardar gida?

Iri 3 ne aka fi gani, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce ta karkara. A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ake kira Kod Rural. Ita ce ta kawo kwamitocin ƙasa, wato Kofo. Akwai Kofo na ƙauye, na komin, da na departama. A na ƙauye mai gari ne shugaba, akwai sakatare mai rubutu, da wakilan manoma, makiyaya, mata da samari. Kofo na ba da takardar mallakar gado, takardar sayarwa, takardar kyauta, da takardun aro, haya da jingina. Kowace da aikinta. Kada ka karɓi ta aro a wurin ta sayarwa.

Ta biyu ita ce ta birni. In hukuma ta yanka filaye, meri na ba da takarda mai suna akt da sesiyo. A cikinta akwai sunan unguwa, lambar rukunin filaye, lambar filin kansa, da faɗinsa. In ka saya, sai ka koma meri a canza suna. In ba ka canza ba, littafin meri bai san ka ba.

Ta uku ita ce titir fonsiye. Ita ce uwar takardu. Ana auna fili, a kafa masa duwatsun iyaka, a ba shi lamba, a rubuta shi cikin babban littafin ƙasa na ma'aikatar domen. Wannan tsari ya samo asali daga dokar 26 ga Yuli 1932. A 2006 gwamnati ta kawo wata hanya mai sauƙi ta samun titir, aka sa mata sunan Hausa, Sheda. Cinikin gida mai titir ya kamata ya bi ta hannun noter, wato masanin doka da aka ba izinin rubuta takardun ciniki. Bayan haka a sa sunanka cikin littafin domen. In an sayar wa mutum 2 gida ɗaya mai titir, wanda ya riga rubuta sunansa a littafi shi ne ke da ƙarfi, ko da ɗayan ya riga biya.

Yaya zan san ba a sayar wa wani ba, ba a kuma jinginar ba?

Matambayi ba ya ɓata. Ka yi tambaya a wuri 3.

Ka tambayi maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa. Su ne suka san wanda ya gina, da wanda ya taɓa zuwa da rigima. Ka tambayi mai gari ko mai unguwa. Sannan ka je inda takardar ta fito, Kofo ko meri ko domen, a buɗe littafi a gabanka. A domen ana iya ba ka takarda mai nuna sunan mai gidan da duk bashin da aka rubuta a kan gidan.

Ka nemi ganin takarda ta ainihi. In fotokofi kawai aka nuna maka, ka tambayi inda ta ainihin take. Mai yiwuwa tana ajiye a banki ko a asusu, ko a hannun wani mai bin bashi. Fotokofi ɗari ana iya buga su daga takarda ɗaya, a sayar wa mutum ɗari.

Ka je ka taka filin da ƙafarka, kada ka yi cinikin biri a sama. In fili ne na birni, ka sa mai awo ya nuna maka duwatsun iyaka, don kada ka gina a filin maƙwabci. Ka tambaya ko wurin hanyar ruwa ne. Ambaliyar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ka kuma tabbata ba burtali ba ne, ba makiyaya ba ce. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta kare waɗannan wurare. Na jama'a ne, ba wanda ke da ikon sayar da su. In ka ga farashi ya faɗi ƙwarai, ka tuna araha ba ta ado.

Me za a rubuta cikin takardar ciniki?

A rubuta sunan mai saye da na mai sayarwa, da sunayen iyayensu. A rubuta inda gidan yake, faɗinsa, da sunayen maƙwabta. A rubuta kuɗin, abin da aka biya, abin da ya rage, da ranar cikawa. A rubuta ranar da za a ba da makulli. Shaidu su sa hannu ko su dangwala yatsa. Ka haɗa da matasa cikin shaidu, don takarda ta fi tsoho daɗewa.

Ku yi hattara da lissafi. Mu a kasuwa da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma take ƙirga. Dala 1 tamma 5 ce, jika 1 kuma tamma 1.000. In kun yi ciniki a kan dala dubu ɗari 2, abin da za a rubuta shi ne tamma 1.000.000. In ka ga an rubuta 200.000, to jika 200 kawai aka rubuta, kashi 1 cikin 5 na kuɗin. A rubuta adadin da lamba, a sake rubuta shi da kalmomi.

Wasu sukan ce a rage kuɗin a takarda don lanho ya yi sauƙi. Kada ka yarda. Laifi ne a doka. Kuma ranar da cinikin ya warware, abin da aka rubuta shi za ka iya nema a mayar maka.

In ka ba da kafin alƙalami, ka karɓi resi. A rubuta abin da zai faru da kuɗin in ɗayanku ya fasa. In takardar da Faransanci aka yi ta, ka zo da naka mai karatu, wanda ka amince da shi, ya fassara maka layi-layi. Kada ka taɓa dangwala yatsa a farar takarda a kan wai za a cika daga baya. Babban kuɗi kuwa ranar sa hannu ake biyan shi, gaban shaidu. Hannu ɗaya na miƙa kuɗi, ɗaya na karɓar takarda.

Jingina ta gargajiya sayarwa ce?

A'a. A jingina ka karɓi kuɗi ko hatsi, ka ba da gida ko gona a riƙe. Ranar da ka mayar da abin mutane, abinka ya dawo maka. Wanda aka jinginar wa ba ya da ikon sayarwa.

Matsalar ita ce mantuwa. Shekaru su wuce, waɗanda suka yi maganar su rasu, shaidu su rasu. Ɗiyan wannan su ce saye ne, ɗiyan wancan su ce jingina ce. Zumunci ya ɓaci a kan abin da layi 5 na rubutu zai kashe. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kofo na da takarda ta musamman don jingina. Ku je ku cika ta, kowa ya riƙe tasa.

Jinginar banki fa, yaya take?

Sunanta ipotek. A nan ba ka fita daga gidanka. Kana ciki, sunanka na kan titir, amma an rubuta bashin banki cikin littafin domen. Dokar da ke tafiyar da ita ta OHADA ce, ƙungiyar ƙasashe 17 da aka kafa a 1993, wadda Nijar ke ciki. An sabunta dokar jingina a Lome a 2010. A ƙa'idarta, gida mai titir ne ake yi wa ipotek. Shi ya sa banki yakan fara tambayar titir. A 2018 an buɗe Bankin Gidaje na Nijar a Yamai don ba da bashin gini da sayen gida.

Wannan bashi yana bin gida duk inda ya je. In ka sayi gidan da ke da ipotek, mai sayarwa kuma ya daina biya, banki na iya kama gidan a hannunka. Saboda haka a biya banki daga cikin kuɗin ciniki, a goge bashin daga littafi, sannan mai sayarwa ya karɓi saura.

In kai ne za ka ci bashin, ka yi lissafi tun a gida. Misali, ka ranci jika 2.000 a kan ruwa 10 cikin 100 a shekara, za ka biya cikin shekara 5. Kowane wata za ka kai kusan jika 42 da rabi. In an gama, ka biya kusan jika 2.550. Jika 550 ke nan a kan uwar kuɗi, ban da kuɗin noter da na rubuta jingina. Ma'aikaci yana ɗaukar albashi kowane wata. Manomi sau ɗaya yake girbi a shekara, damana kuma ba ta da alkawari. Ka tambaya ko za a iya sa biyanka ya faɗo da kaka.

Doka ta yi wa ruwan bashi iyaka. A 2014 iyakar da aka yanke a ƙasashenmu masu kuɗin sefa na yammacin Afirka ita ce 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, 24 cikin 100 ga ƙananan asusu. Ka tambayi iyakar da ke aiki ranar da za ka sa hannu. Wanda ba ya son bashi mai ruwa yana iya zuwa bankin Musulunci, inda banki ke sayen abu ya sayar maka da ribar da kuka yanke tun farko. Can ma za a nemi garanti, can ma sai ka karanta takarda.

Ka kuma tambaya ko bashin yana da asiransi na rasuwa. In babu, bashin zai faɗa kan abin da ka bar wa magada.

In aka kasa biya, me zai faru?

Rana ba ta ƙarya. Amma banki ba ya zuwa da kansa ya fitar da kai. Sai ya bi hanyar shari'a. Wisiye zai kawo maka takardar gargaɗi mai wa'adi. In wa'adi ya cika ba biya, ana iya yin gwanjon gidan. A biya banki da kuɗin shari'a, in akwai saura a ba ka. Gidan da mutum yake zaune ciki da iyalinsa, doka ba ta yarda mai bin bashi ya riƙe shi haka kawai a madadin kuɗinsa ba.

Gwanjo ba kasafai yake kawo kuɗin kirki ba. In ka ga biya zai gagara, ka je banki tun kafin takarda ta zo, ku sake shirya wa'adi. Kada ka ɓuya.

Wanda ya ba da takardar gidansa don wani ya ci bashi, ya sani gidansa ne a bakin wuta. In mai bashin ya kasa, gidanka za a kama. Dokar OHADA ta ce wanda zai tsaya wa wani, in bai iya rubutu ba, sai da shaidu 2 masu tabbatar da cewa an bayyana masa nauyin da ya ɗauka.

In ka gama biyan bashi, aiki bai ƙare ba. Ka karɓi takardar sallama daga banki, ka kai domen a goge jinginar, ka karɓo titir ɗinka.

Ni mai sayarwa, me ke kaina?

Ka faɗi gaskiyar gidan. In katanga ta tsage, in ruwa na kwanciya a tsakar gida, in akwai ɗan haya ko bashi, ka faɗa. Aibin da ka ɓoye yana iya warware ciniki. Ka biya kuɗin wuta da na pampo da lanhon gida, ko ku rubuta wanda zai biya. Kada ka saki takarda ta ainihi kafin kuɗinka su cika. In saura za a biyo ka, a rubuta adadi da rana. Sayar da gida ɗaya ga mutum 2 zamba ce, tana kai mutum gidan kaso. Kuma kafin ka sallama, ka shawarci iyalinka, ka san inda za su kwana.

In rigima ta tashi, ina za a je?

In gida ko fili na gargajiya ne, a fara da mai gari. In ya gagara, sai sarkin kanto ko shugaban rukunin makiyaya. Doka ta ba sarakuna ikon sasantawa. In an sasanta a rubuta, in ba a sasanta ba a rubuta. Da wannan takarda ake zuwa gidan shari'a, inda masana al'ada ke zama tare da alƙali. In gida mai titir ne, alƙali da rubutacciyar doka zai yi aiki. Kada kowa ya ɗauki sanda ko ya rushe katangar wani. Wanda ya yi haka, ko da gaskiyarsa, ya jawo wa kansa wata shari'ar.

Ƴan'uwa, kuɗin gida gumin shekaru ne. Kwana 10 na bincike ba su kai shekara 10 na shari'a ba. In kun sami takarda, ku sa ta cikin leda, ku sa a akwatin ƙarfe, nesa da gara da ruwa. Ku nuna wa iyali inda take. Ku kuma karanta wa waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba wannan shafi, a dandali ko bayan sallar isha'i.

Allah ya sa albarka cikin abin da muka girba. Sai wata mai zuwa.